Mai Gyaran Agogo da Littafi Mai Shafi Dubu

Tun da ka ce girman littattafan nan da ake yabo ne ke sare maka gwiwa, bari in ba ka misalin wani mai gyaran agogo da aka yi a bakin kasuwarmu. Yana saurayi ya sayi wani littafin labari mai shafi kusan dubu, wanda duk mai ilimin garin ba shi da zance sai nasa. Sau uku yana buɗe shi, sau uku yana tarar da sunaye rututu da lissafin zuriyar da ba ta ƙarewa, barci ya sace shi kafin shafi na ashirin. Sai ya ɗora shi kan kabad. Ba ƙiwa kaɗai ta hana shi ba. Tsoro yake ya karanta har ƙarshe ya ji bai burge shi ba, ya tabbata ke nan kansa ne ba ya ja. In an tayar da zancen littafin a majalisa, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ai wannan ba a magana," gabansa na faɗuwa kada wani ya tambaye shi wurin da ya fi so. Haka ya yi shekara talatin.

Ran nan ya yi ta lalube yana neman wata 'yar ƙusa da ke gefen teburinsa, alhali ga ta nan a fili. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, duhu zai yi ta matsowa daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya dawo gida, ya sauko da littafin ya kakkaɓe. Kullum da hantsi yakan zauna a rana ya karanta, kullum kuma sai ya ga shafin ya ƙara tsukewa, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Wani wurin marubucin ya ɓata shafi sittin a kan biki guda, mai gyaran agogon ya yi ta tsaki yana cewa ana cinye masa sauran ganinsa a banza. Wani wurin kuma, inda wata tsohuwa ke zuwa bakin kogi kowace Juma'a tana jiran ɗanta da ruwa ya ci, sai da ya kifa littafin ya yi kuka, sannan ya tsorata kada hawayen ma su ƙara masa duhu. Shafi ɗarin ƙarshe da gilashin aikinsa ya bi su, kalma-kalma, don bai san ko zai wayi gari da ido ba. Ya gama da ƙyar. Damina ba ta faɗi ba sai da aka fara ja masa sanda.

Bayan nan wani abokinsa ya shiga kambama littafin a majalisa kamar yadda aka saba. Makahon ya juya wajen muryar ya ce, "Rabinsa ya gundure ni ƙwarai. Amma tsohuwar nan ta bakin kogi, ya ka ji da ita?" Abokin ya yi gyaran murya. Duk majalisar ba wanda ya san ta. Shi kaɗai, da ba ya ganin ko tafin hannunsa, yake ganinta tsaye a bakin ruwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, gani ya kori ji.