Tsibirin Malam Direba

Jirgin ruwa? A'a 'yar nan, ban taɓa shiga ba. Amma na yi shirin shiga, shirin da har yau in maƙwabciyata Hajo ta tuna sai ta riƙe ciki don dariya.

Lokacin da aka kawo aikin gona Funtuwa ne, ana ta raba taki. Mijina Baban Yunis ya ɗan jima da rasuwa, ni da yara muna fama da 'yar gonarmu a nan bayan Gozaki. Ni kuwa ba abin da na sani a duniya kamar tsuntsu. A kan rumfar tsaron dawa na girma, ina kaɗa gwangwani ina ihu. Makarantar mishan aji biyu na yi, amma in ji kuka daga nesa in gaya miki hasbiya ce ko kurciya. Da wannan nake taƙama, tunda ba ni da wani abin.

To akwai wani mutumin cocinmu mai tuƙa wa Baturen aikin gona mota, kowa Malam Direba yake ce masa. Nauyin baki gare shi, kafin ya gama gaisuwa kin tuƙa tuwo kin kwashe. Baturen nasa irin masu bin tsuntsaye ne da madubin hangen nesa. An ce har tsibiran Chadi yake zuwa don ya kalle su kawai, ko ɗaya ba ya ci.

Wata Asabar cikin Agusta sai ga Malam Direba. Ya jingine babur can kan tudu, ya naɗe wando ya ratso ruwa, don in damina ta yi nisa rafin nan zagaye mu yake yi. Madubin maigidansa na rataye a wuyansa. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Akwai wani tsibiri da na daɗe ina so in kai kaina. Akwai wata tsuntsuwa a can."

Na ce, "Wace iri?"

Ya ce, "Baƙa ce. Ba ta da hayaniya. Ba ta kuma yarda a matso ta."

Na ce shamuwa. Ya ce a'a. Na ce dinya, na ce zalɓe, duk a'a. Ranar tuwo bai yi mini daɗi ba. A ce akwai tsuntsuwar da Dinatu ba ta sani ba!

Ya riƙa zuwa duk Asabar, ina lissafo masa tsuntsaye yana girgiza kai. Kallon ma bai iya ba. In nuna masa gauraka can fadama, in waigo in tarar ko juyawa bai yi ba. Ni dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai, sai na ga tsuntsuwar nan da idona.

Rannan ya yi ta murza hula, ya ce, "Za ki yarda mu yi tafiyar nan tare? Doguwa ce fa."

Kafin ya rufe baki na ce, "Na yarda."

Mutumin nan ya miƙe ya faɗa ruwa ya tafi, takalminsa ma a nan ya bari. Na ce ikon Allah, son tsuntsu har haka.

Sai da ya tafi na tuna ni fa tsoron ruwa nake. Tsibiri kuma ba a zuwansa sai a komi, kwalekwale ke nan. Na je wurin Hajo na ce ta ara mini komin da shanunsu ke cin dusa. Na shiga na zauna, na ce ta riƙa jijjiga ni in saba. Ta jijjiga, na rufe ido ina addu'a, shanu na tsaye suna kallona suna jiran in ba su wuri.

Ta ce, "Ke Dinatu, wai tafiyar da wa?"

Na faɗa mata. Sai ta saki komin ta rangaɗa guɗa, ta ce ita za ta sa mini lalle. Na ce ina ruwan tsuntsu da lalle? A zumuntar mata ta coci ma da na tashi na ce a sa ni a addu'a zan bi Malam Direba, sai tafi ya ɓarke, wata har da hawaye. Na ce ashe haka ake girmama mai zuwa Chadi.

Na yi dambu, na yi ƙuli-ƙuli, na ɗaure zannuwa. Malam Direba ya ce ranar Asabar zai zo da mutanensa. Kawuna Ummaru ma ya sauka a gidan, wai ziyara, da babbar rigarsa ta Kirsimeti.

Da hantsi ina zaune a kan ƙunshina a ƙofar gida, sai na hango mutum biyu cikin ruwa. Malam Direba ne da Fasto, da ƙwaryar goro a ka. Ba mota, ba Bature.

Na ce, "Sannunku. Ina Baturen? Kada fa rana ta yi mana."

Fasto ya dubi ƙunshin, ya dubi Malam Direba, ya ce, "Dinatu, me mutumin nan ya ce miki?"

Na kwashe duka na faɗa masa, har da komin shanu. Fasto ya lallaɓa ya ajiye goron, ya zauna a ƙasa, ya yi dariya har da tari. Kawu ya toshe baki da hannun riga. Malam Direba kuwa gumi kawai yake yi.

Af, ga baƙina matan Maska can sun iso, bari in tashi in shimfiɗa musu tabarma. Shi Malam Direban ga shi can gindin darbejiya yana gyangyaɗi. Tsibirin? Ai a kansa kike zaune, 'yar nan. Tsuntsuwar kuwa ita ce ke miki surutu tun ɗazu.