Gudun Kalkuleta

Sau uku Auta tana ɗora biro a kan takardar tana ɗagewa. Gurabe biyu ne kacal: lissafin yau da kullum, ko lissafi mai zurfi. Shugaban makaranta ya kira ta har ofis ya ce bana ba ta da mafaka. Ajin ƙarshe ne, dole ta ɗauki ɗaya, kuma ranar Litinin yake son takardarsa.

Ita kuwa Auta, a tarihi Allah ya buɗe mata kai. Ka tambaye ta wane sarki ya gaji wane, sai ka roƙe ta ta yi shiru. Amma ka ce mata bakwai sau takwas, sai ka ga hannunta ya sulale ƙarƙashin tebur tana ƙirga yatsu. A gida, in yayanta yana son ta bar masa falo, zancen lissafi kawai yake ɗaukowa.

Duk da haka ba lissafin ne ya fi ɗaga mata hankali ba. Kalkuleta ce, wata 'yar siririyar yarinya mai tabarau, wadda ba ta zama sai a kujerar gaba. Bara sau huɗu ta gyara wa malamin lissafi amsa a darasi ɗaya, a gaban kowa, cikin ladabi kuma, abin da ya fi ciwo ke nan. Bawan Allah bai ƙarasa zangon ba ya nemi canjin makaranta, har yau kuma ba a samu madadinsa ba. Auta ta san in aka haɗa ta aji ɗaya da yarinyar nan, kafin sati ya zagayo ta zama abin dariya har wajen masu shara.

Sai dabara ta faɗo mata. Ita za ta ɗauki mai sauƙin, wannan ba shawara. Abin da ya rage shi ne ta tabbatar Kalkuleta ta tafi can cikin mai zurfin, ta ƙarata da 'yan uwanta masu ƙwaƙwalwa.

Lokacin hutun ƙarfe tara ta tare ta a baranda, ta shiga zuba mata zuma.

"Ke fa ban taɓa ganin kai irin naki ba. Lissafi mai zurfi don irinku aka yi shi. Injiniya nake hangowa in na dube ki, wallahi."

Kalkuleta ta sunkuyar da kai tana murza gefen littafinta. Ita da ta saba da harara da "sarkin iyayi", yau ga mai yabonta ido da ido. Da ƙyar ta iya cewa ta gode.

Auta ba ta tsaya nan ba. Laraba ta ƙara, Alhamis ta ƙara, Juma'a har da kyautar sabon biro. Litinin da sassafe ta miƙa takardarta a ofis, aka liƙa jerin sunaye a allon sanarwa, ta wuce ko kallo ba ta yi ba. Ranar har rangaji take a hanyar gida.

Washegari ta nufi ajin lissafin yau da kullum, littafi a hammata, zuciya wasai. Tana tura ƙofa ta yi turus. Ga tabarau nan a kujerar gaba, ga sabon biro a hannu, ga murmushi har kunne.

"Tun farko mai zurfin na cike," in ji Kalkuleta. "Da na ga sunanki a nan sai na je na canza. Ba wanda ya taɓa yaba mini kamar ke."

Auta ta ƙarasa ciki. Ta lallaɓa ta ajiye littafin a kan babban tebur, ta ɗauki alli, ɗalibai arba'in suka miƙe tsaye gaba ɗaya: "Ina kwana, Malama!"