Rumfar Alhaji Babakura

Ƙulli na uku ke nan da Ya Gumsu ta tsinta a aljihun ɗanta Ba'ana tana shirin wanki. Wiwi ce, a naɗe cikin takarda mai maiƙo, har da wani ƙauri kamar na banda. Saurayin da ya kai aji uku a jami'a, yau shi ne yake yini a gindin bishiya a unguwar Umarari yana dariya shi kaɗai. Abin yana ci mata rai, ta rasa wanda za ta kai wa kuka.

Sai Allah ya haɗa ta da muryar Alhaji Babakura a rediyo. Dillalin kifi ne a Kasuwar Baga Road, kuma tun da aka fara muhawarar ko a halatta wiwi, babu wanda ya kai shi tayar da jijiyar wuya. Ya rantse cewa ranar da aka fara sayar da ita a kemis, shi kam tasa ta ƙare. Bawan Allah ya san komai: farashin ƙulli, lungunan da ake zuƙa, har unguwar da ta fi mashaya. Ya Gumsu ta share hawaye, ta ce ashe akwai sauran masu kishin 'ya'yan mutane.

Ta bi gida-gida da takardar ƙorafin da yake rabawa, mata arba'in suka dangwala yatsa. Sannan ta yanke shawarar damƙa masa Ba'ana, ya riƙa ɗaure kwalayen kifi ko Allah zai shirye shi. Ta zaci za a kai ruwa rana. Amma Ba'ana, wanda ko shagon bakin layi ba ya aikuwa, sai ga shi ya riga ta sa takalmi.

A kasuwa ma shi ya shige gaba, bai tambayi kowa hanya ba. Ita kuwa ta tsaya gaisawa da wata tsohuwar maƙwabciya, ta iso rumfar a makare. Ta dakata bayan tulin kwalaye tana gyara lafaya, tana harhaɗa kalaman godiya a ranta.

Alhaji bai gan ta ba. Ya zura hannu can ƙarƙashin kifin banda, ya zaro takarda mai maiƙo, ya dubi Ba'ana da fara'a.

"Yau ka yi sammako, ɗana. Na kullum, ko in ƙara maka ɗaya?"