Ɗan Kangarun Da Ya Girma A Buhu

Jiya na sha kunya a gaban Kawu Ɗanlami, har yanzu ban gama wartsakewa ba. Matata Ladidi ce ta sa ɗanmu Sagir ya ɗaure takalminsa da kansa, yaron shekararsa bakwai fa, yana kuka ta ƙi kula shi. Na durƙusa na ɗaure masa, na ce mata ke dai ba ki da tausayi. Kawu tsohon ma'aikacin gandun daji ne, yana zaune yana ji. Sai ya ce, "Zo nan, ɗana, in ba ka wani misali."

Wai a wani gandun kiwon namun daji a Ostireliya akwai kangaru, dabbar nan mai tsalle da ke goyon ɗanta a aljihun cikinta. A shingen kusa da ita kuma akwai walabi, irinta ce amma ƙarama. Kowacce da ɗanta. Da 'ya'yan suka tasa sai uwayen suka fara zazzage su ƙasa. Ɗa ya zo zai koma, uwa ta tsuke bakin aljihu, sai dai ya bi ta a baya yana koyon tsalle da cin ciyawa. To akwai wani sabon mai kula da su, shi abin ya tsaya masa a rai. Ya ce wannan ai mugunta ce. Ya ɗauke ɗan kangarun ya sa a buhun yadin da ake renon marayu a ciki, alhali uwar na nan da ranta tana kallonsa ta bayan wayar shinge. Kullum buhu a rataye a wuyansa, madara a kwalba. Ɗan walabi kuwa bai samu wannan gata ba, yana can yana faɗuwa yana tashi.

Ranar da za a sake su daji, manyan gandun duk sun hallara. Aka buɗe ƙofa. Ɗan walabi tsalle uku ya yi ya shige ciyawa. Ɗan kangaru ya leƙa, wata tsuntsuwa ta yi fir ta tashi, sai ya juyo da gudu ya cusa kai a buhun mutumin. Kan ne kaɗai ya shiga, ƙatuwar wutsiya da ƙafafu duk a waje suna rawa. Ba wanda ya yi dariya. Aka mayar da shi shinge, can zai ƙare rayuwarsa. Mutumin ya rasa inda zai sa idonsa.

Da Kawu ya gama, takalmin Sagir kawai ya kalla. Wallahi ji na yi kamar buhun a wuyana yake. Na sunkuya na kwance igiyar da na ɗaure, na kasa haɗa ido da Ladidi. Ashe ba a banza Hausawa suka ce ba: ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi.