Baƙin Allon Miran

Yang Doksu ya bar ƙofar gida a buɗe. Ya zuba wa 'yarsa Miran shinkafa da miyar kifi, ya ɓare mata lemo, sannan ya zauna a ƙasa yana fuskantarta, sabuwar waya a hannunsa.

Tsohuwar wayar ta faɗa tankin ruwa jiya da yamma, ta mutu murus. Da ita kuwa yake buɗe tagogin rumfar ledar da itatuwan lemonsa suke ciki. Miran ce ta haɗa wannan aiki. Ta kafa injuna a rufin, ta cire mariƙin da ake murzawa da hannu, saboda kafaɗar tsohon ta daina ɗaguwa. Ga shi lemo yana fure, rana tana ta hawa. In tsakar rana ta yi tagogin suna rufe, furen zai dahu ya zube, noman bana ya tafi ke nan.

"Baba, ka sa tabaranka?" in ji Miran. Hular ulu ce a kanta, duk da ba a sanyi.

"Na sa."

"Ƙarya kake, yana aljihunka."

Doksu ya yi tsaki, ya zaro tabaran daga aljihu.

Ta bi da shi sannu a hankali. Ya sauke manhajar da masu rubuta wa na'ura umarni suke aiki da ita a waya. A cikinta ne zai girka baƙin allo, wanda ba shi da hoto ko maɓalli, sai dai ka rubuta abin da kake so, ya aikata. Aikinta na nan ajiye lafiya, in ji ta, allon ne kawai zai iya kiransa.

"Za ta tambaye ka ko ka yarda ta taɓa ajiyarka. Ka ce eh. Kada ka yi mata taurin kan da kake yi wa likita."

Ya danna eh.

Ta faɗi umarnin harafi bayan harafi. Yatsunsa masu kanta suna danna biyu a maimakon ɗaya, yana gogewa yana sakewa. Da ya gama, allon ya ce bai san wannan kalma ba.

"Ka manta tazara tsakanin kalmomin, ko? Kullum kai ke nan, kana cusa su kamar lemo a kwali."

"Ke dai bakinki ba ya gajiya," ya ce, ya gyara.

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya kau da kai ya jira har tarin ya lafa. Shinkafarta tana nan ba ta ragu ba, tururinta ya fara yankewa.

"To, sauran umarni na ƙarshe. Da ka danna, za ka ga rubutu kore yana ta gudu."

Ya danna. Rubutu ya fito ja.

"Ka gani? Ai na ce maka ba wuya," in ji Miran.

"Ja ne, 'yar nan."

"Yanzu sai ka rubuta sunan rumfar."

"Na ce miki ja ne! Dakata!"

Ya miƙa hannu, ta yi shiru.

Ya sake rubutawa, ja. Ya goge komai ya fara daga farko, ja. Ta bakin ƙofa yana hango rumfar, ledar ta yi gumi har ba a ganin ganye. Ƙamshin furen da yake shigowa ɗaki ya fara nauyi, irin na abin da ya kusa lalacewa. Ya dubi Miran. Duk kuskuren da ya yi tun safe ta riga shi sani, amma wannan ba ta da abin cewa a kansa.

"Kin san komai," ya ce. "Wannan fa?"



Sai ya tuna wata rana da ta zauna a kan kwandon lemo tana faɗa da wannan allo, ta ce masa in ya yi ja, layin ƙarshe ake karantawa, sauran duk surutu ne. Ya kai wayar dab da hancinsa. Layin ya ce wurin da ake ɗauko allon ya tashi, an koma sabon adireshi, ga shi nan a rubuce. Adireshin da Miran ta sani ya daɗe da rufewa.

Ya kwafe sabon, harafi bayan harafi, bai manta tazara ba. Rubutu ya gudu, kore. Ya rubuta sunan rumfar. Can waje injuna suka yi gurnani, tagogin suka ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya, zafin ya fita kamar an buɗe tukunya.

Doksu ya ajiye wayar. Bai yi murna ba. Yau ne karo na farko da ya san wani abu game da wannan allo wanda ita ba ta sani ba.

Ya cire cokalin da ya kafa a tsaye cikin shinkafarta, kamar yadda ake yi wa mamaci a al'adarsu ranar cikar shekara in an tabbata ya ƙoshi. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa a gaban hotonta. Ƙofar kuwa, wadda ake barin ta a buɗe don mamaci ya shigo ya ci, bai iya rufewa ba. Ya jawo kwamfutar da ke tsakanin kwanonin, ya mayar da bidiyon da ya tsayar ɗazu, wanda ta ɗaukar masa a gadon asibiti, zuwa farkonsa.

"Baba," in ji Miran, "ka sa tabaranka?"