Kan Jirgin Malam Sunusi

Kawunan jirgin ƙasa uku aka tura bayan tashar Agege tun zamanin soja, aka ce ajiya ce ta wata shida. An shekara biyar ba wanda ya waiwaye su. Ciyawa ta rufe dogo, ruwan Ikko ya cinye fenti. Taragun da ke bayansu kuwa tuni aka kwashe musu kujeru da gilasai, suka zama banɗakin kowa.

Na tsakiyan shi ne wanda marigayi Malam Sunusi ya yi shekara goma sha tara yana ja daga Ikko zuwa Kano. Matarsa Furera tana sayar da tuwo a gindin shingen wurin. Ba ta da ɗa, ba ta da wasa. Duk wanda ya tsuguna kusa da jirgin nan, ko da furfura a gemunsa, sai ya ji muryarta.

"Tashi, marar kunya! Ƙofar gidanku ce?"

Burinta ɗaya a duniya, ta ga kan jirgin ya sake tashi kafin ta mutu. Ta san lafiyarsa lau aka ajiye shi. Mijinta ne ya kashe injin da hannunsa, ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

Mai gadin wurin Mato ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi kaɗai ba mai canjinsa. Ran Juma'a in an fara kiran salla sai ya riƙa kai-kawo, zuciyarsa na masallaci, aikinsa na nan. Furera ce ke raba masa gardama.

"Je ka yi sallarka. Ni mace ce, ba ta hau kaina ba. Zan zauna maka."

Unguwa takan yi tsit a lokacin. Mahauta sun rufe tebur, masu burodi sun lulluɓe kaya. In ya dawo yakan tarar da ita a kan bencinsa, kwandonta rufe a gefe. Ko sau ɗaya ba ta yarda ya ɗaukar mata shi ba.

Duk da haka kayan ɗakin direba suka riƙa ɓacewa. Agogon iska ya tafi, sai hannun birki, sai ƙahon tagulla da mutanen Agege ke gane kukansa tun daga nesa. Ba fasawa aka yi ba, kwancewa aka yi a tsanake, ba a bar ko noti ba. Mutane suka ce 'yan gwangwan ne. Wasu suka ce mai gadi ba ya rasa sani.

Magana ta kai sama. Aka kira Mato ofis, aka karɓe kakinsa, aka sallame shi ba ko sisi. Ya koma dakon tumatir a kasuwar Mile 12 da ciwon bayansa. Furera takan aika wa iyalinsa tuwo kullum.

"Ka yi haƙuri," ta ce masa. "Ranar da jirgin nan ya tashi, kai ma za ka tashi."

Shekarar da soja suka sauka aka fara wata magana. Wai maimakon a bar kawunan jirgi suna ruɓewa, za a zaɓi ɗaya a gyara, ya riƙa kai ma'aikata tashar Iddo da safe ya dawo da su da yamma, mutane su huta da motocin haya na danfo. Furera ta wanke zanenta na fita. Kullum tana tambayar ranar da masu dubawa za su zo, kullum a ce mata an ɗaga.

Sun zo ran wata Talata, ba sanarwa, tana can kasuwa sayen kuɓewa. Ko awa ɗaya ba su yi ba. Da ta dawo ta tarar da jan fenti a gefen na tsakiya, an ja layi biyu sun gitta juna.

Ba ta sauke kayanta ba ta nufi ofis. Wani ma'aikaci Ridwanu, ɗan unguwa ne, ya ba ta kujera. Ta ƙi zama.

"Iya, ni ma abin ya yi mini ciwo," ya ce. "Shugabanmu ya ce injinsa ya fi na sauran biyun nesa ba kusa ba. Amma ɗakin direba wayam. Irin kayansa an daina ƙera su. Sai suka ɗauki na gaba, shi gurɓatacce ne amma da kayansa."

"In kayan suka dawo fa?"

Ya yi 'yar dariyar takaici. "Su dawo daga ina? Ai tuni maƙera sun narka su. Kuma an sa hannu, an sayar wa masu yanka ƙarfe. Yau ko an gan su a hannun wani, ɗaure shi kawai za a yi. Jirgi kam ya tafi."

Bayan kwana huɗu masu yanka suka iso da tukwanen gas. Tun safe wuta ke huci, ƙarfe na faɗuwa a kan tsakuwa, ana loda shi a mota. Furera ba ta ɗora tukunya ba. Ta tsaya a bakin shinge tana kallo, ba hawaye, har aka raba ɗakin direba gida biyu.

Mato ya zo da gammonsa a hannu, ya tsaya kusa da ita. Ya rame, wuyansa duk jijiya.

"Iya, kin ga ƙarshenta," ya ce. "Ɓarawon nan ya ci jirgi, ya ci abincin 'ya'yana. Allah ya isa tsakanina da wanda ya kwance kayan nan."

 Furera ta ce, "Amin."

Ta juya gida a hankali, ta shiga ɗakinta, ta sa sakata, ta zauna a bakin gado. A ƙarƙashinsa kayan jirgin Malam Sunusi ne jere reras, kowanne a goge, a naɗe cikin tsohon zane, yadda ta riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya da sifanar mijinta don kada ɓarayi su taɓa su.