Buƙatar Mai Gandu

Malam Tsalha, tun ɗazu kake cika mana kunne da kundin tsarin mulkin nan da ake ta musu a kansa. Ka ce jihohi su sa hannu kawai a wuce wurin, in an ga ƙarfin gwamnatin tarayya ya yi yawa a rage shi daga baya. To gyara zama in ba ka labarin wasu manoma. Ban gan su da idona ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai ranar kasuwa.

'Yan'uwa ne, uba ɗaya. Da tsohon ya rasu suka raba gona, kowa ya kama gabansa. Birai suka gane gidan ya watse, suka mai da gonakin wurin biki, har an ce wani ƙaton gwaggon biri da buhunsa yake zuwa. Da yunwa ta ja wa 'yan'uwan kunne sai suka ce a koma gandu irin na zamanin uba: a haɗe babbar gona, a yi noma tare, rumbu ɗaya, babban wa ya zama mai gandu. Kowa kuma a bar masa gayaunarsa, wato 'yar gonar kansa da zai riƙa nomawa in an tashi daga aikin gandu. Sharaɗin da aka faɗa gaban mai unguwa gajere ne: duk ranar da buƙata ta taso, mai gandu zai yi kira, kowa ya ajiye nasa ya zo.

A cikin ƙannen akwai wani magidanci mai yawan tambaya, yana da gayaunar gyaɗa da yake ji da ita kamar tsokar jikinsa. Shi ya ƙi karɓar goron shaida. Ya ce, “Yaya, ban ƙi gandu ba, ni ma biri ya ishe ni. Amma a faɗa mini mece ce buƙata, wa zai ce ta taso, wa kuma zai ce ta kwanta.” Aka yi masa ca. Wannan ya ce ga hadari ya haɗo, kai kana neman ma'anar kalma. Wancan ya ce Yayan da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, shi za ka yi wa shinge? Aka yi masa alkawari da zarar an gama shuka za a zauna a fayyace komai. Ya ji kunya, ya karɓi goro ya tauna.

Gaskiya gandu ya yi albarka. Birai suka ga an haɗa kai, suka tattara suka koma kan dutse. Sai dai ita buƙata, da yake ba a kafa mata turke ba, ta shiga kiwo. Da fari ba ta tasowa sai an ga biri. Daga nan ta fara tasowa in an ga sawun biri, can kuma in Yaya ya yi mafarkin biri. Dangar Yaya ta faɗi, buƙata ce, ai ta nan ake bi zuwa rumbun kowa. Surukin Yaya ya kira gayya, buƙata ce, mutuncin gida ai na kowa ne. Kuma kada ka ce mugu ne. Bawan Allah da zuciya ɗaya yake yin kiran, shi da gaske duk inda ya waiga buƙata yake gani. Gayaunar mai tambaya kuwa ciyawa ta shanye ta, har wata jaka mai ciki ta shiga, ba a sake ganinta ba sai da ta fito da ɗanta, har ya isa ɗaukar kaya.

Da kaka ta yi ya tone gyaɗarsa, ba ta cika hularsa ba. Waɗanda suka yi masa ca ma haka suka tarar a nasu gayaunun. Suka ɗunguma wurin Yaya, suka ce lokacin zaman nan da aka yi alkawari ya yi. Yaya ya washe baki ya ce, “Wallahi kun kyauta, ƙannena, ni ma abin yana raina. Sai dai taron gida duka ai mai gandu ne ke kiransa in buƙata ta taso, ni kuwa na duba ban ga ta taso ba. Ku ɗauko lauje, dawa na jiranmu.”

To ka ji, Malam Tsalha. Haɗin kai babu mai hankalin da zai ƙi shi, biri ma ya shaida. Amma wanda za ka miƙa wa ƙahon kira, ku gama maganar ranakun busawa tun ƙahon yana hannunka. Tukunya in ta sha wuta ko da ƙusa ba ka yi mata ado, shi ya sa masu gininta suka ce: tun ran gini, ran zane.